Idan Kyanwa Ta Fara Rasa Gani: Yadda Za Ka Gano Dalili da Abin da Za Ka Yi

Kyanwa gwana ce wajen ɓoye makanta. Ta haddace gidan da take zaune ciki lungu-lungu, gashin bakinta yana sanar da ita abin da ke gabanta tun kafin ta taɓa shi, ga kunne da hanci da suka fi namu nesa ba kusa ba. Shi ya sa takan yi watanni ganinta yana raguwa mai ita bai lura ba, sai ranar da aka matsar da kujera ta zo ta yi karo da ita. A ranar sai a ce ta makance dare ɗaya, alhali abin ya daɗe yana cin ta. Akwai kuma makantar da da gaske a dare ɗaya take zuwa, ita ce kuwa wadda aka fi samun damar ceto idan an yi hanzari.

Abu na biyu da ya kamata ka riƙe tun daga farko: sau da yawa ido ba shi ne tushen ciwon ba. Ciwon yana ƙoda, ko a jini, ko a kwanon abinci, ko a maganin da aka ba ta makon jiya, a ido ne kawai ya bayyana. Wanda ya tsaya ɗiga magani a ido zai iya rasa idon, ya kuma rasa kyanwar.

Mataki na 1: Tabbatar cewa ganin ne ya ragu

Idan jiya lafiya lau take, yau kuma tana karo da bango, baƙin idonta ya buɗe fal bai tsukewa ko a cikin haske, kada ka tsaya gwaje-gwajen da ke ƙasa. Ka kai ta wurin likitan dabbobi a yau ɗin nan. Gwajin gida na wanda yake zargi ne amma bai tabbatar ba.

Fara da kallo, ba tare da ka kira ta ba. Kyanwar da ganinta ya yi rauni takan yi tafiya a hankali, kai a ƙasa, gashin baki a miƙe gaba, tana bin jikin bango. Takan tsaya tana shakka a gaban inda ta saba hawa da tsalle ɗaya, ko ta yi tsallen ta kuskure. Wata takan firgita idan aka taɓa ta daga gefe guda kawai, alamar ido ɗaya ne ya tafi. Wata kuma sai yawan kuka da dare.

Daga nan ka samu ɗan curin auduga. Amfanin auduga shi ne ba ta ƙara idan ta faɗi, ba ta da ƙamshi, ba ta kuma kaɗa iska. Sake ta daga sama a gaban kyanwar, sannan ta dama, sannan ta hagu. Mai gani za ta bi ta da ido. Sai dai kyanwa ba kare ba ce, tana iya ganin audugar sarai ta ƙi kula ta, don haka ka maimaita a lokuta daban-daban kafin ka yanke hukunci.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na shinge. Jera kwali, bokiti da kujera a tsakiyar ɗaki, a wuraren da ba ta saba da su ba, ka ajiye ta a gefe ɗaya, ka kira ta da abinci daga ɗaya gefen. Yi sau ɗaya da haske sosai, ka sauya jerin kayan, ka sake yi da haske kaɗan. Lafiyayyar kyanwa tana gani da kusan kashi ɗaya cikin shida na hasken da mutum yake buƙata, saboda haka idan ta wuce lafiya da rana amma ta yi ta tuntuɓe a duhu-duhu, dundumi ne, kuma dundumi a kyanwa yana nuna lalacewar tantanin gani da ke shimfiɗe a bangon bayan ido.

Kaɗa hannu a gaban fuskarta ba gwaji ba ne. Iskar hannunka za ta taɓa gashin baki da na gira, ta ƙifta ko da ba ta ganin komai. Tocila ma a yi hattara da ita: tsukewar baƙin ido idan an haska shi alama ce mai kyau, amma ba hujjar gani ba ce, domin wadda makantarta daga ƙwaƙwalwa take, idonta yana tsukewa daidai. Duk abin da ka gwada, ɗauke shi a bidiyo da waya. A asibiti kyanwa takan ƙame don tsoro, bidiyon gida ya fi faɗa wa likita gaskiya.

Mataki na 2: Tambayoyi huɗu da ke rage zato

Shekarunta nawa? Abin farat ɗaya ya zo ko a hankali? Ido ɗaya ne ko biyun? Akwai zafi, wato tana runtse ido, tana gudun haske, hawaye na zuba, tana sosa fuska?

Ido ɗaya mai zafi ya fi karkata ga abin da ya samu idon kansa: rauni, gyambo, kumburi, ƙari. Ido biyu babu zafi, suna nan garau amma ba gani, ya fi karkata ga abin da ya shafi jiki duka: hawan jini, magani, abinci, gado ko ƙwaƙwalwa. Wannan ba ƙa'ida ba ce da ba ta karyewa, kumburin cikin ido yakan kama duka biyun, amma tana nuna maka inda za ka fara dubawa. Ɗan kyanwa mai kwantsa da atishawa labarinsa daban ne da na tsohuwar kyanwa mai rama da yawan shan ruwa.

Mataki na 3: Tsohuwar kyanwa ce, kuma farat ɗaya? Fara da hawan jini

A nan zan fi daɗewa, domin wannan ne kan gaba cikin abubuwan da ke makantar da tsofaffin kyanwoyi nan take, kuma shi ne wanda jinkirin kwana biyu ko uku yake iya sauya sakamakonsa.

Tantanin gani siriri ne ƙwarai, yana manne da bangon bayan ido, kuma ƙananan jijiyoyin jini ne ke ciyar da shi. Idan jini ya hau ya daɗe a sama, jijiyoyin sukan fara tsattsafar da ruwa, wasu su fashe. Ruwan yana taruwa a bayan tantanin har ya ɗaga shi, kamar yadda yaɓe ke ɓamɓarowa daga bango idan ruwa ya shiga bayansa. Da ya rabu da bangon, gani ya ɗauke. Abin da mai kyanwa zai gani shi ne baƙin ido biyu a buɗe fal, wani lokaci da jan jini kwance a gaban idon.

A kyanwa, lambar sama ta awon jini idan tana ƙasa da 140 lafiya ce. Daga 160 ana kiransa hawan jini, daga 180 kuwa haɗarin ga ido, ƙoda, zuciya da ƙwaƙwalwa ya yi tsanani. Mafi yawan lokuta wani ciwo ne ke tura jinin sama. Na farko ciwon ƙoda mai daɗewa, wanda alamunsa su ne yawan shan ruwa, yawan fitsari, rama da amai jefi-jefi. Na biyu yawan aikin tayirod, wata 'yar halitta a wuya mai sarrafa saurin aikin jiki: kyanwar za ta riƙa ci kamar ba gobe amma tana ramewa, ba ta samun natsuwa, zuciyarta na bugawa da sauri. Wasu kuma a bincika a rasa dalili.

Maganin da aka fi amfani da shi shi ne amlodifin, sau ɗaya a rana. Idan jinin ya sauka, ruwan yakan janye, tantanin ya koma mazauninsa, kuma wasu kyanwoyin ganinsu yana dawowa, ko duka ko wani sashe, a cikin makonni. Amma tantanin da ya daɗe a rabe ƙwayoyinsa sukan mutu, ko ya koma ya manne ba zai ƙara aiki ba. Babu wanda zai ba ka tabbacin dawowar gani, abin da ke hannunka kawai shi ne rage lokacin da tantanin zai yi a rabe.

Mutane ma suna shan amlodifin, kuma a nan ne wasu ke yin ganganci. Ƙwayar mutane galibi miligiram 5 ce ko 10, alhali abin da aka saba fara wa kyanwa da shi miligiram 0.625 ne, wato kashi ɗaya cikin takwas na ƙaramar ƙwayar. Ba abin da za a gutsura da farce a yi ƙiyasi ba ne, kuma ba a ba da shi sai an auna jinin an tabbatar.

Awon kansa yana son haƙuri. Ana ɗaura ɗan ƙaramin maɗauri a ƙafar gaba ko gindin wutsiya, a ɗaki mai shiru, bayan an bar kyanwar ta huce na minti 5 zuwa 10, sannan a auna sau 5 zuwa 7 a ɗauki matsakaici, saboda tsoro kaɗai yana iya ɗaga lambar. Shawarar masana ita ce a fara auna jinin kowace kyanwa sau ɗaya a shekara daga shekara 7, a ƙara yawaitawa bayan shekara 11, mai ciwon ƙoda ko na tayirod kuma kowane wata 3 zuwa 6. A ganina babu wani rigakafin makanta a tsohuwar kyanwa da ya kai wannan awon amfani, kuma shi ne aka fi mantawa da shi.

Mataki na 4: Ido ya yi gizo, launinsa ya sauya, ko ya ƙara girma

Cututtuka uku ne a nan, amma a kyanwa galibi ɗaya ce ke haifar da sauran biyun.

Tushen shi ne kumburin cikin ido. Kyanwar takan runtse idon, ta guji haske, zoben ido mai launi ya dushe ko ya yi ja-ja, ruwan gaban idon ya yi gizo-gizo, baƙin idon kuma ya tsuke fiye da na ɗayan. Abin da ke kawo shi yana da yawa: cutar FIV mai karya garkuwar jikin kyanwa, wadda ta fi yaɗuwa ta cizo a faɗan muzurai, cutar FeLV mai jawo wa kyanwa sankarar jini, cutar FIP mai kumbura tantanin cikin ciki, ƙwayar tokzofilasma da ake ɗauka ta cin ɗanyen nama ko ɓera, wasu cututtukan fangas, sankarar limfoma, ko rauni. A kyanwoyi da yawa ana yin duk gwajin ba a gano musabbabi ba, sai a yi maganin kumburin kansa. Duk da haka gwajin jinin bai zama asara ba, domin sanin tana da FIV ko FeLV yana sauya yadda za a kula da ita da sauran kyanwoyin gidan.

Ido yana samar da ruwa a cikinsa kullum, yana kuma zubar da shi ta wata 'yar magudana. Kumburin da ya daɗe yakan toshe magudanar, ruwa ya taru, matsi ya hau, ya danne jijiyar gani har ta mutu. Wannan ita ce gilakoma, wadda aka fi sani da hawan jinin ido, ko da yake ciwo ne daban da hawan jinin da muka yi magana a kai. Matsin lafiyayyen idon kyanwa yana tsakanin 10 da 25 a ma'aunin likita. A kyanwa ciwon yakan zo a sace: ido ba ya yin ja sosai, sai dai ka lura ɗaya yana ƙara girma a hankali, baƙinsa a buɗe. Zafin ma ba ta nuna shi da kuka, sai yawan barci, ɓuya da rage cin abinci. Akwai magungunan ɗigawa irin su dozolamid da timolol da ke rage matsin. Idan idon ya riga ya mutu kuma yana mata zafi, likita zai ba da shawarar a cire shi. Mutane da yawa suna jin nauyin wannan, amma ni ina ganin tausayi ne: idon da ba ya gani ba ya yi mata komai sai ciwo, kuma masu kyanwoyi sukan yi mamakin yadda take warwarewa ta koma wasa bayan aikin.

Ta uku ita ce yanar ido, wato madubin cikin ido ya yi fari ya tare haske. Ba ta da yawa a kyanwa kamar a kare, kuma idan ta zo, galibi kumburi ne ko rauni ya jawo ta. Ciwon sukari, wanda ke saurin sa wa kare yana, da wuya ya yi wa kyanwa haka. Kada kuma a ruɗe da ɗan shuɗin hazo da ke bayyana a idon kyanwar da ta tsufa. Taurin madubi ne na shekaru, tana gani ta cikinsa, ba ya buƙatar magani. Likita ne zai bambance su da fitilarsa cikin minti kaɗan.

Mataki na 5: 'Yan kyanwa masu mura da kwantsa

A ƙananan kyanwoyi, babban mai ɓata ido shi ne murar kyanwa, musamman wadda ƙwayar hafis ta kyanwa ke kawowa, sai kuma wata ƙwayar cuta mai suna kilamidiya. Atishawa, majina, ido ja ya kumbura, kwantsa ta liƙe shi. Ƙwayar hafis tana cin koniya, wato fatar gaban ido mai garau ɗin nan, ta yi mata gyambo. Idan aka bar shi, gyambon yana iya zurfi har idon ya fashe, ko jan naman cikin fatar ido ya manne da koniya ya rufe ta har abada, ko ya warke ya bar hakiya.

'Yan kyanwa sukan buɗe ido tsakanin kwana 7 da 14 da haihuwa. Idan ka ga idon da bai riga ya buɗe ba ya kumbura, mugunya ce ta taru a ƙarƙashi, kuma tana cin idon a ɓoye. Jiƙa auduga da ruwan ɗumi mai tsabta ka ɗora a hankali don kwantsar ta yi laushi, kowane ido da audugarsa, amma kada ka ɓare fatar da ƙarfi. A kai shi asibiti a ranar.

Mafi yawan waɗanda suka kamu da hafis suna riƙe da ƙwayar a jijiyarsu har ƙarshen rayuwa, tana kwance sai an shiga wani hali na takura, kamar sauya gida, haihuwa, zuwan sabuwar dabba ko wani ciwo, sai ta farka. Ba ta kama mutum. Allurar rigakafi ana fara ta a mako na 8 ko na 9, a maimaita kowane mako 3 zuwa 4 har zuwa mako na 16. Ba ta hana kamuwa gaba ɗaya, amma tana rage tsananin ciwon ƙwarai, wanda shi ne bambanci tsakanin murar mako guda da rasa ido. Kyanwar Farisa da 'yan uwanta masu gajeren hanci suna da wata matsalar ta daban, baƙin tabo ko mai ruwan ƙasa da ke fitowa a tsakiyar koniya, mataccen nama ne da galibi sai an yi aiki an cire.

Mataki na 6: Binciki kwanon abinci da duk maganin da ta sha

Wannan matakin kai ne za ka yi shi, likita ba zai san abin da ke gidanka ba sai ka faɗa masa.

Kyanwa tana buƙatar wani sinadari mai suna taurin, kuma jikinta ba ya iya haɗa isasshe, dole ta same shi daga nama. A 1975 K. C. Hayes da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa rashinsa yana lalata tantanin ganin kyanwa. A 1987 kuma Paul Pion da tawagarsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa rashin nasa yana kumbura zuciyarta ya raunana ta. Bayan haka kamfanonin abincin kyanwa suka ƙara yawan taurin a kayansu, ciwon ya ragu sosai. Inda ya rage shi ne wajen kyanwar da ake ciyarwa da abincin kare, ko ragowar abincin mutane wanda yawancinsa hatsi ne, ko abincin da babu nama a ciki. Hatsi da ganye kusan babu taurin a cikinsu. Zuciya, jan nama da kifi suna da shi, amma yana narkewa a ruwa, don haka idan aka tafasa nama aka zubar da romon, an zubar da kaso mai yawa. Lalacewar takan ɗauki watanni kafin ta bayyana. Gyara abinci yana tsayar da ita, yana kuma iya farfaɗo da zuciya, amma abin da ya mutu na tantanin gani ba ya dawowa.

Ɗanyen kifi kullum shi ma yana da tasa illar. Wasu nau'o'in kifi suna ɗauke da abin da ke rusa bitamin B1, rashinsa kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa: baƙin ido a buɗe, tangaɗi, wuya ya lanƙwashe ƙasa, har farfaɗiya. Wannan kam yana warkewa idan an yi allurar bitamin ɗin da wuri.

A ɓangaren magani, sunan da za ka nema a kwalba ko a takardar asibiti shi ne enrofuloksasin, wanda ake sayarwa da sunan Baytril da wasu sunayen. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne mai kyau, amma a kyanwa yana iya taruwa a tantanin gani ya lalata shi cikin 'yan kwanaki, kuma yawanci makantar ba ta tafiya. Iyakar da aka sa wa kyanwa ita ce miligiram 5 ga kowane kilo na nauyinta a rana, haɗarin kuma ya fi yawa ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda. Idan tana kan wannan magani ka ga baƙin idonta ya buɗe, dakatar da shi ka kira likita nan take. Ibamektin, maganin tsutsa da ƙwari, shi ma yana makantarwa idan aka ɗebo na manyan dabbobi aka ba kyanwa da ƙiyasi, sai dai nasa sau da yawa yana sakin ta bayan kwanaki.

Idan kuwa daga aikin haƙori ko wata tiyata ta farka ba ta gani, ka sanar da asibitin. An gano cewa buɗe bakin kyanwa har ƙarshe na tsawon lokaci da ƙarfen riƙe baki yana iya matse jijiyar da ke kai jini ga ido da ƙwaƙwalwa. Da yawa daga cikin irin waɗannan ganinsu yana dawowa a hankali.

Sauran dalilan zan ambace su a gurguje. Akwai lalacewar tantanin gani ta gado, wadda aka fi sani a kyanwar Abisiniya da ta Somali, ana kuma samunta a ta Siyam: tana farawa da dundumi, babu zafi, babu magani, amma akwai gwajin ƙwayar halitta da masu kiwo ke yi kafin su haɗa iyaye. Akwai ɗigon ruwan ƙasa a zoben ido da ke yaɗuwa yana kauri, wanda zai iya zama sankarar melanoma, ita ce kan gaba cikin ƙarin da ke farawa daga cikin idon kyanwa. Ɗaukar hoton idon kowane wata a haske iri ɗaya zai nuna ko yana girma. Akwai yakushin farce a faɗa da bugun mota. Idon da farce ya huda har madubi yana iya haifar da muguwar sankara bayan shekaru, shi ya sa ba a mantawa da shi ko ya daina ciwo. Sai makantar ƙwaƙwalwa, daga ƙari ko shanyewar wani sashe, wadda takan zo da zagaye wuri ɗaya, dafa kai a bango ko farfaɗiya.

Mataki na 7: Kafin ka isa asibiti, da abin da za ka nema a can

Kada ka ɗiga mata maganin idon mutane, ko ragowar wanda aka ba wata dabba. Da yawansu suna ɗauke da sitiroyid, wani sinadarin rage kumburi, kuma sitiroyid a kan gyambon koniya yana hana shi warkewa, yana iya sa idon ya narke ya fashe. Gyambon ba ya ganuwa da ido kawai, sai an ɗiga wani rini mai suna fulorasin ya kama wurin ya yi kore. Kada kuma ka ba ta farasitamol don zafi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Abin da za ka iya yi: sa ta a ƙaramin ɗaki mai shiru inda babu abin faɗowa, share kwantsa da auduga da ruwa mai tsabta, sa mata abin wuya na roba idan tana sosa idon. In ido ya fito waje saboda bugu, kada ka mayar da shi, rufe shi da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan gishirin asibiti, ka kama hanya. Tafi da kwalaben duk magungunan da ta sha, da bayanin abincinta, da bidiyon da ka ɗauka.

Makanta farat ɗaya, jini a ido, ido a runtse da zafi, rauni, ko baƙin ido biyu da girmansu ya bambanta ba zato, duk na ranar ne. Hazo da ke ƙaruwa a hankali, dundumi ko ɗigon launi suna iya jiran 'yan kwanaki, amma ba watanni ba.

A asibiti likita zai leƙa bayan idon da fitila, ya auna matsinsa, ya sa rinin. Idan jini ko yana ta tare hanya, ana iya yin sikanin. Ga kyanwar da ta haura shekara 7, ka roƙa da bakinka a auna hawan jininta, a gwada ƙoda ta jini da fitsari, a duba tayirod. Ga mai kumburin ido, a gwada FIV da FeLV. Kafin ka fito ka tambayi abu uku: ganin zai iya dawowa, idon yana mata zafi, kuma ɗayan idon yana cikin haɗari? Amsar ta ukun ce ta fi sauya abin da za a yi gaba.

Mataki na 8: Idan ganin bai dawo ba

Makauniyar kyanwa tana rayuwa lafiya, ta ci, ta yi wasa, ta hau gado. Wadda ta rasa gani a hankali kusan ba ta buƙatar komai. Wadda abin ya zo mata farat ɗaya takan yi makonni a rikice, sai a fara da ɗaki ɗaya, a riƙa buɗe mata sauran gidan kaɗan-kaɗan.

Bar kayan ɗaki inda suke, haka kwanon abinci, na ruwa da wurin bayan gidanta. Kada ta fita waje ita kaɗai. Toshe matakala, baranda da taga, ka rufe duk wani mazubin ruwa mai zurfi. Yi mata magana kafin ka taɓa ta, ka koya wa yara haka. Ka rage ɗaukarta daga wuri zuwa wuri, domin da ƙafarta take lissafin inda take. In ka ɗauke ta, sauke ta a ƙasa kusa da abin da ta sani, kamar kwanonta, ba a kan tebur ba. Kada a taɓa yanke mata gashin baki. Kayan wasa masu ƙara ko ƙamshi sun wadatar, za ka ga tana farautarsu da kunne.

Makanta kuma ba ta rufe maganar asibiti. Idon da ya daina gani yana iya kamuwa da gilakoma ko ƙari daga baya, saboda haka a ci gaba da duba shi, kai ma ka lura ko yana girma ko launinsa na sauyawa. Mai hawan jini kuwa ba a tsayar mata da amlodifin don gani bai dawo ba: matsin da ya ɗaga tantanin idonta yana nan yana aiki a kan ƙoda, zuciya da ƙwaƙwalwa, don haka maganin na kullum ne, awon jinin kuma a ci gaba da shi kowane 'yan watanni kamar yadda likita ya tsara.